Mutuwar Kawu Ta Goma

"A tsaya!" in ji Marubuciya, karo na tara ke nan. "Kawu, gawa ba ta sosa ƙafa."

"Sauro ne ya cije ni. Shi sauron an gaya masa na mutu?"

Kawu na kwance a doguwar kujerar falonsa, an ja masa zanin gado har haɓa. Ƙanin mahaifiyarta ne, tsohon direban bas, kuma shi ke fitowa a matsayin Maigida a shirin barkwancin da take rubutawa tana sakawa a intanet duk mako. Don hasken falonsa kawai ta sa shi tun farko. Kashi goma sha ɗaya aka yi, bai taɓa faɗin magana ɗaya yadda ta rubuta ba.

Yau kuwa ba ranar wasa ba ce. Shugabar shirye-shirye ta wani gidan talabijin na neman marubuci guda, ta ce mata, "Masu ba da dariya sun yi mana yawa. Kawo min kashi ɗaya da zai sa ni kuka, kafin ƙarfe huɗu. In na yi hawaye, kujerar taki ce." Shi ya sa Marubuciya ta kashe Maigida.

"Ni ban san me na tsare miki ba," in ji Kawu, ya yaye zanin. "Shekara talatin ina tuƙi, ko kaza ban taka ba, ke da biro ɗaya za ki gama da ni? Wai me ma ya kama ni?"

"Ciwon zuciya."

"Zuciyata ras take."

"Baba, batir zai riga ka tafiya," in ji mai ɗaukar hoto, wanda hannunsa ya sage da riƙon waya.

Matar Kawu, wadda aka ba aikin kuka, ta leƙo daga kicin da rabin albasa a hannu. "Malam, ka mutu mana mu huta, tukunyata na kan wuta."

Marubuciya ta durƙusa kusa da kansa. "Kawu, shekara shida ina tsaye a kantin magani, ina rubutu a bayan kwalaye. In ka mutu yau, na sami aiki."

Ya daɗe yana kallon silin. "To. Amma sai na bar wasiyya."

Kalma uku ta rubuta masa. Shi ya yi minti huɗu. Ya bar amanar ƙofar bayi, kada a buga ta da ƙarfi, ya hana a ara wa kowa tsaninsa, ya bayyana inda ya ɓoye rimot tun bara. Sannan muryarsa ta yi ƙasa, ya dubi matarsa ya ce, "Kujerar nan ta bakin taga, ki riƙa zama a kai. Dama don ki yi min faɗa nake riga ki." Ya rufe ido. Ko gashin girarsa bai motsa ba. Matar Kawu ta fashe da kuka, albasar tana can ƙasa.

A cikin bas Marubuciya ta tace hoton, ta saka shi a intanet. Huɗu saura kwata tana gaban Shugaba. Shugaba ta kalla, ta cire tabarau, ta fyace hanci har sau biyu.

"Wasiyyar nan, ke kika rubuta?"

"Eh... mu muka rubuta."

"Kin sami aiki. Shirin ma muna so. Amma ki tashi tsohon nan, ki ce suma ya yi. Ba shi, ba ke."

Da Marubuciya ta koma gidan Kawu, takalma ta tarar jibge a ƙofar falo. Maƙwabta sun ga guntun hoton a waya, sun zo gaisuwa. Matar Kawu ta yi ta cewa wasa ne har ta gaji, ta zauna a kujerar bakin taga tana amsawa. Marigayin kuwa yana tsugune bayan labulen uwar ɗaki, ya kasa kunne. Maƙwabcin da suka shekara goma suna rigima kan kwata yana cewa, "Mutumin kirki, wallahi. Tsanin nan ma da ya ce..."

"Ka ji ɓarawo," Kawu ya raɗa, yana murmushi har kunne.

"Kawu, gobe za ka farfaɗo."

"Wa? Ni? Ke 'yar nan, shekara arba'in matar can ba ta taɓa cewa ina da haƙuri ba sai yau. Sau uku ta faɗa, ina ƙirgawa. Bar ni in more."

"Aikina fa, Kawu!"

Ya ja tsaki, ya sake leƙa falon ta gefen labule. "To, ga mai yi mana wanki can ya fara, bari ya gama yabona tukuna. Je ki rubuta yadda zan tashi."

Ta zaro biro, ta zauna a bakin gado, ta buɗe littafi.

"Kada ki matsa wa kanki da yawa," in ji Kawu, bai ko waiwayo ba. "Ai ba karantawa zan yi ba."