Allon Wuya na Okinawa

Ranar da ƙanena Zayyad ya dawo hutu daga Japan, inda yake karatun noman rake, gidanmu na Gumel ba masaka tsinke. Sai da ƴan sannu da zuwa suka watse da la'asar muka samu zama, ni da shi da mahaifiyarmu Inna Yelwa, wadda ta zo daga rugarmu ta Sule Tankarkar tana jinyar ƙafa a wurina.

Inna ta kira ƴata Muhsina da Fulatanci ta miƙo mata ruwa. Yarinyar ta kawo, ta ajiye, ko uffan. Tun shigarta sabuwar makaranta ta daina amsa wa kakarta, kuma wallahi abin yana cin Inna, don Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. A makarantar duk wanda ya yi wani yare ban da Turanci, ƙahon saniya ake rataya masa a wuya. Ni kuwa har yabon tsarin nake yi, ina ce Turanci muka kai ta nema?

"To ɗan Japan, yi mana Japananci mu sha dariya," na ce.

Ya yi, muka dara. Sannan ya ce, "Yaya Naja'atu, ai tsibirin da nake, Okinawa, suna da nasu harshen. Danginsu ɗaya da Japananci, tushe guda, amma mutumin Tokyo ba ya jin sa. Akwai ma wasu a ƙananan tsibiran Ryukyu da ke kewaye da mu, duk ƴan gida ɗaya ne."

"Kai ka iya?"

"Wa zai koya min? Sai tsofaffi."

Ya ba mu labarin dattijon da yake haya a gidansa. Suna yara, wanda ya yi harshen gida a makaranta allon katako ake rataya masa, kuma ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Don haka sai ka taka ƙafar abokinka da gangan, zafi ya sa ya yi ihu da harshen uwarsa, ka cire ka rataya masa.

"Mu mintsini muke yi, Kawu," in ji Muhsina daga bakin ƙofa, tana dariya. "Ni ba a taɓa kama ni ba. Ko a gida ba na yin Fulatanci, kar bakina ya saba."

Na juya wurin Zayyad.

"Yanzu jikokin dattijon fa?" na tambaya.

"Suna zuwa, su gaishe shi da Japananci, ya amsa da Japananci. Ya ce min kamar ya karɓi baƙi ne."

Inna ta ga fuskokinmu sun sauya. Ta taɓa gwiwata, ta tambaye ni da Fulatanci me yaron nan yake faɗa ne haka.

Na gyara zama zan fassara mata. Na faɗi tsoho, na faɗi makaranta. Da na zo kan tsibiri sai na tsaya, na ce to wannan ba laifi, ina muka ga teku? Amma rataya ma sai ta ɓace min. Rataya fa! Na lalubo, na lalubo, babu. Kunya ta rufe ni, na dubi Zayyad, ya sunkuyar da kai.

Inna ta jira mu. Can ta janye hannunta, ta ce da gurguwar Hausarta, "Bari kawai, ku yi hirarku."