Hantsin Malam Abednego

Ranar Talata ce, da sanyin Disamba mai shiga ƙashi, Mercy ta buga ƙofar Usama ta ce ya zo ya taya ta juya Baba.

Baban nata shi ne Malam Abednego, tsohon malamin firamare, maƙwabcinsu tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Gayam. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ɗakin haya marar taga. Hausa ta gudu daga bakinsa, Gwaranci ma ya gudu. Abin da ya rage sai tsofaffin kalmomin Turancin nan nasa.

Usama ya san kalmomin, gadon bayansa ma ya san su. A aji biyar, duk Litinin Malam kan rubuta wata kalma a allo, irin wadda ko Turawa sun manta da ita. Wanda ya kasa kawo ma'anarta ran Juma'a ya sha bulala, sannan a zaɓo masa wata ta zama sunansa. Ta Usama ita ce "scobberlotcher", wato malalaci, mai zaman kashe wando. Yara suka gutsure ta, ta koma Sikoba. Sunan ya kore shi daga makaranta, ya bi shi tashar 'yan acaɓa, ya bi shi har zauren yarinyar da ya taɓa nema, inda ƙannenta suka riƙa rera shi suna tafi.

Suna gama juya tsohon, sai ya damƙe hannun rigar Usama da hannunsa mai lafiya.

"Apricity," in ji shi.

Mercy ta ce tun jiya abin da yake maimaitawa ke nan. Ta je kemis, sun ce ba su da magani mai wannan suna. Fasto ya zo ya yi addu'a, shi ma bai gane ba.

Usama ya gane. Ɗumin hantsi ne a lokacin sanyi. A kan wannan kalmar aka tsayar da shi a inuwar bayan aji, ba riga, yana nanata ta haƙoransa na kaɗawa, sauran yara suna shan hantsi. Ya leƙa tsakar gida. Rana ta sauko har gindin gwaiba, inda kujerar Malam take. Tsohon bai fi nauyin buhun dusa ba. Har Usama ya buɗe baki.

"Sikoba, kai ma fa ɗalibinsa ne," in ji Mercy. "Me yake so?"

Ya rufe bakin. Ya ce mata ai shi daƙiƙi ne, kowa ya sani, ta tambayi masu ƙoƙari.

Da ta fita ɗauko koko, ya durƙusa daidai kunnen tsohon.

"Malam, na san abin da kake so. Kira sunana. Wanda ubana ya raɗa mini. In ka kira, yanzu zan ɗauke ka."

Idon Malam ya tsaya a kansa. Leɓen ya motsa, yawu ya gangaro, maƙogwaro ya yi ta kokawa.

"Apricity."

Usama ya ɓamɓare yatsun daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ja masa bargo har wuya. Da zai fita ya ce wa Mercy ta riƙa rufe ƙofa, kada sanyi ya shiga. Ya tada babur ya tafi.

Da azahar ya dawo ya tarar da mata cike da ƙofar gida. Mercy ta ce Baba ya cika yana kallon ƙofa, ta kuma yi wa Usama godiyar taimakon safe. Shi ya yi ta jigilar bencuna daga coci.

A Gayam Malam ya rasa gona, da shanun huɗa biyu, da akwatin littattafan da aka ƙona. A nan cikin gari ya rasa hantsi guda.

Washegari Usama ya shiga gidan Malam mayar da butar da ya ara. Rana ta sauko gindin gwaiba, ta cika kujerar. Ya aza tafin hannunsa a kan katakon. Da ɗumi.