Farar Mota a Ƙarshen Fili

Gimba ne ya kashe ɗansa. Bai ɗauki wuƙa ba, bai ɗauki bindiga ba, rana kawai ya zaɓa. Masu ta'aziyya suna ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma matarsa Safara'u ta san ta hannun wa ajalin ya biyo.

Da shi da yayanta Ashafa tare suka fara. Sun ga samari suna tseren ganganci a titunan unguwa, sai suka kama hayar wani tsohon filin jirgi a bayan Manchester: motoci biyu a jere, hanya miƙaƙƙiya, wanda ya riga kai ƙarshe shi ne gwani. Iyaye suka yi ta sa albarka. Abin da ya raba su ko faɗarsa abin kunya ne, wai sunan wa za a fara rubutawa a allon ƙofa. Ashafa ya tattara ya koma Birmingham ya buɗe nasa filin. Tun daga nan Safara'u ba ta sake yin Sallah a gidan yayanta da ke Balsall Heath ba.

Bana Ashafa ya sa babban tserensa Asabar ɗin farko ta Agusta. Gimba ya bari sai da labari ya bazu, sannan ya janyo nasa daga Satumba ya ɗora shi a kan wannan Asabar ɗin.

Sai dai doka ce, ba a tsere sai da motar asibiti a ƙarshen fili, kuma filayen biyu da kamfanin motar asibiti ɗaya suke aiki, na wata 'yar Jos mai suna Delight. Daga kicin Safara'u ta jiyo muryarta a waya.

"Alhaji, Birmingham ta riga ka, kuma ba zan raba kaina biyu ba. Summer ne, lokacin zafi, ko'ina an yi booking. Ka ɗaga da sati ɗaya mana."

"In ɗaga wa Ashafa? Ya zagaya gari yana cewa na ji tsoro?"

* * *

Ranar Alhamis Safara'u ta kai wa Gimba abinci garejinsa da ke Levenshulme. Ta same shi durƙushe a gefen farar motar da yake ɗaukar tayoyi, yana manna mata leda kore da rawaya, gida-gida, irin na motar asibiti. Yana shafe kowace da tafin hannu kada ta yi kumfa.

"Alhaji, wannan fa?"

"Ado ne."

"Ado a motar tayoyi?"

"Tun da muka fara, sau nawa kika ji an buɗe motar asibitin nan? Tsayuwa kawai take yi. Wannan ma ta iya tsayuwa." Ya ɗago ya dube ta. "In kin ga dama ki kai wa ɗan'uwanki rahoto, dama aikin kenan."

Ta fita waje, gefen Stockport Road, ta kira Ashafa.

"Yaya, don girman Allah ko dai ka ɗaga, ko ka bar masa Delight."

"Ni na riga shi, Safara'u. Wanda ya hau bishiya da kansa shi zai sauko." Ya kashe.

Akwai wuri na uku da za ta iya kira, ta kuwa san lambar council, hukumar gari. Amma ta tuna bakin mutane, ta tuna za a ce mace ta kai mijinta ƙara wurin Turawa. Ta mayar da wayar jaka.

* * *

Ɗansu Rayyan ya gama jami'a, yana aiki, duk abin da ya samu yana ƙarewa a cikin wata jar mota. Ya riga ya yi wa kawunsa alkawarin yin tsere a Birmingham. Uban ya ce in ya taka can, ya nemi wani uban.

Safara'u ta same shi a tsakar gida yana goge gilashi. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Kai, ka bi kawunka kawai. Ko ka kwanta ka ce ciwon kai."

Ya yi dariya. "Umma, ke ma kin koma team Birmingham? Zan gaya wa Abba."

"Ba wasa nake yi ba."

"Gudu ɗaya ne, Umma. Kafin ki gama salati na iso." Ya rage murya. "In ban je ba, zai tsaya shi kaɗai a fili. Kin san shi."

Maganar farar motar ta zo mata har leɓe. Ta haɗiye.

* * *

Ranar Asabar rabin mutanen sun tafi Birmingham, amma Gimba yana ta kai da komo da babbar riga kamar filin ya cika. Can ƙarshe farar mota tana ƙyalli a rana.

Fitila ta yi kore. Jar motar ta zabura, ta wuce abokiyar karawarta, sannan wani abu ya fashe a ƙarƙashinta. Ta karkace, ta daki shinge, ta kife.

"Rayyan!"

Ita kanta Safara'u ba ta gane muryar tata ce ba.

Samari biyu suka ruga wurin farar mota suna dukan ƙofa, suna kiran ma'aikata su fito. Da ba a amsa ba suka fizge ƙofar baya. Tsofaffin tayoyi suka gangaro, ɗaya ya yi ta mirginawa a kan kwalta shi kaɗai har ya gaji ya kwanta.

Filin yana da nisa da gari. Safara'u ta danne cinyar ɗanta da mayafinta har mayafin ya jiƙe, ta ci gaba da dannewa. Motar asibiti ta gaskiya ta iso. Likita ya faɗa daga baya, a gaban alƙali, cewa jinin irin wanda ake tsayarwa ne, da akwai mai tsayar da shi a wurin.

Ashafa ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya. Ƙanwarsa ba ta amsa gaisuwarsa ba, kuma ba ta ƙara kallon madubi da daɗin rai ba.

Kotu ta ɗaure Gimba shekara bakwai, ta hana shi shirya tsere har abada. Ranar ziyara a gidan yarin Asabar ce. Ba mai zuwa.