Kunu Mai Ƙauri

Tukunyar ce ta riga mai ita shiga ofis. Maiturare ta banke ƙofa da ita, ta dire ta a kan teburin Likita Sani tsakanin rikoda da tulin kaset-kaset, baƙin gindinta ya ɓata farar takardar da yake rubutu a kai.

"Shinshina," ta ce.

Likitan ya ɗago kai. "Inna, lafiya? Ina kwana?"

"Ban zo gaisuwa ba. Na ce ka shinshina. Maganinku ne, ai ba ya kisa."

Bai ko sunkuya ba warin ya cika ɗakin, warin gyaɗa da gero da suka kama gindin tukunya suka ƙone ƙurmus. Ya ja kujera baya.

Duk Majidaɗi an san Maiturare da abu biyu: turaren wuta da kaifin baki. Mijinta kuwa, Malam Aƙilu, da murya aka san shi. Ɗan kamasho ne a tasha. In ya buɗe maƙogwaro yana kiran fasinjojin garin Mutum Biyu ya ce, "Mutum Biyu! Saura mutum biyu!" sai masu tallar rogo a can bakin titi su ce to, Malam ya karya kumallo. Farkon daminar bana ya yanke jiki ya faɗi a gindin wata mota fijo. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace, muryar nan ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Ko yawu in zai haɗiya sai ya yi kokawa.

A lokacin ne Likita Sani ya zo daga wani asibitin koyarwa, yana bincike a kan yadda masu shanyewar jiki ke haɗiya da yadda muryarsu ke canzawa. Aka ce za a duba su kyauta. Maiturare ta dangwala yatsa a takardar yarda. Duk ranar Talata sai ta ɗauko Malam, likita ya ba shi ruwa a cokali, ya ɗora yatsu a maƙoshinsa, ya ce ya ce "aaa" a bakin rikoda. Jiya kuwa ba Talata ba ce, amma a kwance aka kawo shi, jiki kamar garwashi, ƙirji na ƙugi.

"Mutumin da na kawo muku yana zama da kansa," in ji Maiturare, "yau ga shi can ana ɗura masa ruwa ta hannu. Kun mai da shi zakaran gwajin dafi. Don kun ga ban yi boko ba? To ina da ƙafa. Zan je wajen mai unguwa, zan je gidan rediyo, kuma tunda yanzu an ba mu jiharmu, gwamna a garin nan yake kwana, ba sai na hau mota zuwa Yola ba. Yau zan ɗauke mijina, amma sai an gaya mini wanda ya ƙirƙiro wannan mugunta."

"Wace mugunta, Inna? Huhunsa ne ya kamu. Abin da yake sha ne ke ɓacewa hanya yana gangarawa ƙirji. Shi ya sa na ce a daina ba shi abu mai ruwa-ruwa."

"Ƙarya kake yi! Ƙonanne kuka ce a ba shi!"

Alƙalamin ya faɗi daga hannun likita. "Ƙonanne?"

"Ni da nake sayar da ƙamshi, gidana ya koma kamar maƙera. Maƙwabta har leƙowa suke yi ta katanga, wai ko gobara ce. Kullum sai na bar kunun gyaɗa ya kama, in kankaro baƙin in dama. Bawan Allah ya kasa haɗiya don ɗaci, sai in ƙara ruwa, in ƙara ruwa, ya yi tsululu yadda zai wuce. Yana sha yana tari, yana hawaye, yana kallona, ni kuma ina ce masa daure Malam, magani ai ba ya daɗi."

Likita Sani ya miƙe tsaye. "Tun yaushe?"

"Tun kafin masara ta yi goyo."

"Inna lillahi. Wa ya ce miki haka?"

"Dogon nas ɗin nan naka mai farin kaya."

Ya leƙa ƙofa ya ƙwala kira. Ba a jima ba Obadiya ya shigo, nas ɗin da ke yi wa likita tafinta, dogo, furfura ta fara taɓa shi. Shi ke juya magana zuwa yaren Mumuye da Fulatanci da Hausar kasuwa, don rabin masu zuwa ba sa jin Hausar likita. Yana ganin Maiturare ya gyara tsayuwa.

"Mama, ka zo lafiya?"

"Ka ji shi ko? Har yau ni namiji ce a bakinsa. Faɗa wa ubangidanka abin da ka ce in ba maigidana."

Obadiya ya dubi tukunya, ya dubi likita. Ya gyara murya, ya matse maƙogwaro da kyau kamar mai karatu a gaban malami.

"Na ce a ba shi kunu mai ƙauri."

Likita ya tsaya cak, ya zura masa ido. Fankar sama ma ba ta motsi, an ɗauke wuta tun safe.

"Sake faɗa," in ji likita a hankali.

"Mai ƙauri, sa. Yadda ka ce da Turanci. Wanda cokali zai tsaya a ciki."

"Kauri!" Likita ya buga tebur har kaset-kaset suka zube. "Kauri, Obadiya! Ƙauri ai warin abin da ya ƙone ne!"

Obadiya ya tsaya kamar an dasa shi. Idonsa ya koma kan baƙar tukunya, ya daɗe a can. Ya dafa bango.

"Yesu," ya ce. "Da can kauri nake cewa. Mama ne ya gyara mini."

"Ni?" Maiturare ta dafe ƙirji. "Ni na ce ka kashe mini miji?"

"Ranar farko, Mama. A benci."

Sai abin ya dawo mata, tas, kamar jiya. Ranar da suka fara zuwa, Obadiya ya fito da kati yana kira, "Akilu! Akilu!" Ita kuwa ta tashi a gaban jama'a ta wanke shi. Ba ta iya faɗin sunan miji, shekara arba'in bakinta bai taɓa ɗaukarsa ba, don haka da wasu kalmomi ta koya masa. "Ce ƙasa! Ce ƙafa! Ce ƙarfe! Ku kun cika gari da Hausa kamar ta 'yan goyo. Gardi kamarka, a ce maƙogwaronka ba shi da ƙashi?" Benci gaba ɗaya ya fashe da dariya. Tun daga ranar, in Obadiya zai yi mata magana sai ta ga yana matsa kowace kalma kamar mai tatsar lemo. Har daɗi ta ji. Ta ce a ranta ya ji magana.

Ba wanda ya ba ta kujera, da kanta ta zauna.

Likita ya share gumi. "Mutum nawa ka faɗa wa haka?"

"Duka, sa. Na ɗauka shi ne daidai."

Likita ya fita da sauri, har yana tuntuɓe da bakin ƙofa. Maiturare ta bi shi, don ba ta yarda a yi komai a bayan idonta ba. A barandar ɗakin maza mata ne zaune da kwanuka da fulas. Ya tsaya a gaban Lois, matar Tobiya mutumin Abbare, wanda shi ma yake cikin binciken.

"Buɗe in ga abin da kike ba shi."

Lois ta buɗe kwano a tsorace. Kunu ne fari sol, ya kama jikinsa, cokali a tsaye a tsakiya kamar turke.

"Me nas ya ce miki?"

"Ya ce mai kauri. Na yi laifi?"

Ya tambayi ta gaba, Bafulatana. Ya tambayi ta gaba da ita. Kowacce kwanonta da kauri. A kunnensu duka ɗaya ne, ka matse ko kar ka matse. A duk barandar nan mace ɗaya ce kunnenta ya iya raba kauri da ƙauri, ita ce ta yi ta ƙona tukunya.

Maiturare ta tsaya tana kallon cokalin Lois. Ta zo da maganganu cike da ciki, ta tanade su tun daga gida a kan acaɓa, yanzu ta laluba ba ta sami ko ɗaya ba.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji likita. "Yau zan cire shi daga aikin nan, kuma zan kai maganarsa sama."

Nan bakinta ya dawo.

"Ka cire wa? Kai fa? Kai da aka haifa da Hausa a baki, ina kake lokacin da yake faɗa?"

"Ina ciki, ina canza kaset. Layi ya yi yawa."

"Kaset! Duk Talata ina kawo maka shi yana tari, kana cewa ya ce aaa, kana juya abinka kana saurara kamar mai jin waƙa. Ka ji muryarsa tana jiƙewa ko ba ka ji ba?"

Likita ya sunkuyar da kai. "Na ji. Na ɗauka ciwon ne ke ci gaba. Haka na rubuta."

"Ka rubuta. Sau ɗaya ka taɓa cewa, tsohuwa, me kike dafa masa? Maƙoshinsa ka sani, ba ka san tukunyarsa ba." Ta nuna shi da yatsa har yana kusan taɓa hancinsa. "Ba wanda za a kora a rufe bakina da shi. Abin da nake bi shi ne wannan: duk matar da ta dangwala maka yatsa, kai da kanka za ka tsaya a gabanta da kwano da cokali ka nuna mata. Ba da baki ba. Baki mun ga aikinsa."

"Na yarda."

"Kuma zai tashi?"

"Muna yi masa allura mai ƙarfi. Zazzaɓin ya ɗan sauka. Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Amma in kika ɗauke shi yau, kin rage masa hanya."

Ta juya wajen Lois. "'Yar'uwa, sam mini."

Malam Aƙilu na kwance a gadon ƙarshe, ya rame har wuyan nan da ke cika tasha ya koma kamar kara. Obadiya ya shigo a bayansu ba tare da an kira shi ba. Ya tallafo Malam ya zaunar, ya sa masa filo, ya sunkuyar masa da haɓa. Malam ya ga cokali ya kawar da kai, ya runtse ido.

"Ba irin wancan ba ne," Maiturare ta ce. "Shinshina ka ji."

Ya shinshina. Ya daɗe. Sannan ya buɗe gefen bakin da ke aiki. Likita ya ɗora yatsu a maƙoshinsa. Maƙoshin ya hau da ƙyar, ya tsaya, ya sauka.

Suka jira tarin. Bai zo ba.

"Ce aaa, Baba."

"Aaa." Siririya ce, a gajiye, amma ba ƙugin ruwa a cikinta.

Maiturare ta goge masa baki da gefen mayafi, ta goge nata idon da wuri kafin a gani. Obadiya ya durƙusa a gefen gado.

"Mama, useni, don Allah ka yafe. Baba A... Aƙ..." Ya tsaya yana ta kokawa da maƙogwaro, gumi na tsatso masa.

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ta sake cika cokali.

"Bar wahalar da kanka," ta ce. "Ka ce Akilu."

Malam ya juyo ido da sauri ya kalle ta. Ta kawar da kai.

"Me kake kallo? Ai ba sunanka ba ne. Buɗe baki."