Motar da Ba Ta Taɓa Ganin Gishiri Ba

Ranar Asabar ta farko a watan Mayu na kwanta a ƙarƙashin motar wani tsoho da idonsa ya kusa mutuwa, na fito na yi masa ƙarya.

Matata Maxine ta rasu kafin shigowar sanyin da ya wuce. Ta bar mini gida mai ɗakuna fiye da bukatata, da wata doguwar motar iyali wadda take kwasar matan coci da tukwanen miyarsu a ciki. Duk sanda na ɗaga ido na dubi madubi sai in ga kujeru a jere babu kowa. Na koyar da tarihi a makarantar sakandare a nan garin Duluth har na yi ritaya, saboda haka na san kamannin ajin da aka tashi, kuma ba na son in riƙa yawo da shi a bayana. Na yanke shawarar in sayar da ita in sayi mai kujera biyu. Kujera ɗaya babu kowa, mutum zai iya jurewa.

Na yi abin da na iya, wato karatu. Sanyin nan kaf na ƙare shi ina auna motoci uku na hannu. Akwai wata ƙatuwa ƙirar nan gida, mai ƙugi kamar hadari, tana shan mai kamar an huda mata tanki. Akwai ta Jamus mai daɗin tafiya, amma fitilarta ɗaya in ta mutu sai ka fara shawara da bankinka. Sai ƙaramar ta Japan mai rufin tamfol. Ba ta da ƙarfin ta farko, ba ta da alfarmar ta biyu, but ɗinta kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce cefanen mutum ɗaya. Ni kuwa cefanen mutum ɗaya nake yi. Ba ta shan mai, kayan gyaranta suna ko'ina, kuma masu ita sun ce a kwana take nuna kanta. Na tsaya a kanta.

Maƙwabcina Dale, wanda ya tsufa yana sayar da inshora, shi ya tare ni a bakin shinge da zan fita ganin motar.

"Malam, ka san dalilin rushewar kowace daula, amma yau za a yanka ka kamar rago. Maxine ce mai bakin gidanku, kowa ya sani."

"Na gode da ta'aziyya."

"Saurara dai. Kada ka yaba. Ko ta burge ka, ka tsuke fuska. Sannan ka ɗauki tocila ka kwanta ƙasa, ka fito ka ce akwai tsatsa. A garin nan babu mai musun tsatsa."

Da gaskiyarsa. Inda ake watsa wa titi gishiri rabin shekara saboda ƙanƙara, kowace mota daga ƙasa take fara mutuwa. Na karɓi tocilarsa na sa a aljihu.

Mai motar sunansa Eino Rautio, tsohon mai kantin magani. Na same shi a bakin garejinsa da hular ulu, a watan Mayu. Tsakiyar ganinsa ce ta tafi, gefe-gefe kawai ya rage, don haka in zai dube ka sai ya karkatar da kai kamar kaza. An karɓe masa lasisi a bara. Matarsa Lorna, gajera mai sauri, ita ta sa tallar, ita ta amsa mini waya, ita kuma ta kawo kofi da burodi mai zaƙi tun ban zauna ba.

"Shi ne malamin?" in ji Eino. "Lorna, yaya yake? Ya yi kama da mai cin abinci a cikin mota?"

"Ya yi kama da wanda ba ya cin abinci ko'ina. Ci burodin nan, Malam Sorby, kada ka kula tsohon nan. Mutum biyu ya kora a makon jiya."

"Ɗaya ya ce zai sa mata tayar ƙanƙara ya riƙa zuwa aiki da ita a watan Janairu. Na ce ya fita mini daga gida."

Na gutsuri burodin. Abin da ni ma na shirya yi da motar ke nan daidai.

Shi da kansa ya yaye mayafin, a hankali, yana naɗewa. Koriya ce mai duhu. Na ga hotunan irinta ba adadi, amma hoto bai gaya mini ƙanƙantarta ba, ko yadda za ta sa dattijo mai ciwon gwiwa ya ji kunyar tsayuwa kusa da ita.

"Ba ta taɓa ganin gishiri ba, Furofesa," ya ce, hannunsa a kan ƙofarta. "Tun ranar da na saye ta. Ganye na fara faɗuwa take shiga ɗaki, ba ta fitowa sai ruwan bazara ya wanke titi. Ka tambayi kowa a layin nan."

"Kowa a layin nan ya gaji da ji," in ji Lorna. "Ni ban samu rabin wannan kulawar ba."

"Ke ai ba kya tsatsa, 'yar tsohuwa."

Muka fita gwaji, shi a kujerar gefe. Ya ce wannan ne karo na farko da ya zauna a wannan ɓangaren, kuma ashe babu daɗi. Muka sauke rufin muka bi hanyar bakin tafki zuwa arewa. Rabona da mota mai kuloci tun ina saurayi, sau biyu ta mutu mini a danja. Eino bai yi dariya ba sai a na biyun.

"Sa mata giya ta uku, Furofesa, roƙonka take yi. Yauwa. Ga kwana nan tafe, na ji a jikina. Kada ka taka birki, sake ta kawai."

Na sake ta. Ban san yadda zan faɗi abin da ya biyo baya ba tare da na zama irin marubutan da nake yi wa jan biro ba. Motar ta shiga kwanar kamar ta riga ni tunani. Iskar tafki mai sanyi ta doki kunnena, injin yana wani sauti siriri mai tsabta, sai na ji bakina a buɗe, ashe murmushi nake yi. Tun daga asibitin da Maxine ta rasu ban yi ba. Na rufe bakin da sauri, duk da mutumin da ke gefena ba zai iya gani ba.

Da muka dawo ya karkato kai ya dube ni da gefen ido.

"To, yaya ka ji ta?"

"Ba laifi," na ce.

Ya ɗan jira ko akwai saura. Babu.

Na ciro tocilar Dale, na shimfiɗa kwali, na kwanta na tura kaina ƙarƙashi. Na haska ko'ina, daga gaba har salansa. Na ga faranti a gidajen mutane da bai kai wurin nan tsabta ba. Ƙarfen baƙi ne sumul, ko ƙusoshin suna ƙyalli. Na daɗe a kwance fiye da yadda ake bukata, ina kallon takalman mutum biyu a gefe, nasa manya, nata ƙanana. Na riga na san zan saye ta ko nawa ya ce. Kuɗin ma ba su dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne in koma in tarar da Dale a bakin shinge yana tambaya nawa aka rage mini.

Na fito ina kaɗe wando.

"Akwai tsatsa kaɗan ta baya," na ce. "Kusa da tayar hagu. Ta fara ci."

Na yi tsammanin gardama, irin wadda ake yi a rage wani abu a sha hannu. Eino bai yi gardama ba. Ya dafa motar ya fara durƙusawa, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya zura hannu ƙarƙashi yana lalube. Hannun bai kai inda na ce ba.

"Ba zai yiwu ba," ya ce a hankali, ba da ni yake ba. "Ta ina?"

"Eino, tashi," in ji Lorna.

"Garejin nan a bushe yake. Ni na zuba simintin."

"Tashi, na ce. Ni ce."

Ya tsaya da laluben.

"Sanyin da aka yi maka aikin zuciya," ta ce. Hannayenta suna cikin aljihun rigar girki. "Ranar da suka kira ni daga asibiti da asuba suka ce in zo yanzu. Motata ta ƙi tashi, na kira tasi babu. Sai na yaye mayafin, na tafi da ita."

"Kin ce Fasto ne ya kawo ki."

"Na ce."

"A watan Fabrairu," ya ce. "Titi duk gishiri."

"Da na dawo na wanke ta. Da bokiti da ruwan ɗumi, a kwance a ƙasan nan, har yatsuna suka daina ji. Na ɗauka na fitar da gishirin duka."

Babu wanda ya dube ni. Na zauna da mace shekaru masu yawa, na san irin shirun nan, na kuma san ba a son baƙo a cikinsa. Kalma uku za su isa in gyara. Na buɗe baki, sai lissafi ya zo mini, irin na mutumin da ya yi karatu da yawa: in na ce ƙarya na yi, to na sa matar nan ta tona abin da ta rufe shekara da shekaru a banza, saboda ragin da ko cefanen wata bai kai ba. Na ce bari in nemo yadda zan faɗa da kyau. Ina cikin nema Eino ya kama ƙofar motar ya miƙe.

"Ki rage masa duk abin da ya ce," ya ce wa Lorna, bai juya wajenta ba. Sannan ya miƙo mini hannu, ya ɗan kauce inda nake, sai da na matsa na kama. "Na gode da ka faɗa mini gaskiya, Furofesa. Wani da shiru zai yi, ya je yana zagina a gari. Ka kai ta a kankare wurin tun bai yi nisa ba."

Ya shiga gida. Lorna ce ta sa hannu a takardu a kan murfin injin, ta ba ni makullai biyu da mayafin a naɗe. Ta kuma ƙunsa mini sauran burodin, domin irin matan nan ko gidansu na cin wuta ba sa barin baƙo ya tafi hannu sake.

Dale yana bakin shinge da na iso. Ya zagaya motar yana fito.

"An rage?"

"An rage."

"Ka gani? Tsatsa ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Na miƙa masa tocilarsa na shige.

Na yi niyyar komawa a makon in faɗa musu gaskiya. Na shirya maganar a kaina, na gyara ta, na sake gyarawa, kamar jawabin bankwana da ɗalibai. Sau da yawa na kama hanyar unguwarsu, in na zo mararraba sai in ga ai yau Lahadi ce suna coci, ko yamma ta yi, ko ana yayyafi. Motar kuwa ba ta taɓa ba ni matsala ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Duk abin da na auna a kanta ya fito daidai.

Sai da ganye ya fara ja na tsaya a ƙofar gidan. Garejin a buɗe, babu komai ciki sai tsintsiya. Wata mata a gidan da ke kusa tana tara ganye, ta ce an binne Eino a watan Agusta, zuciyar ce dai. Lorna ta koma wurin 'yarta a can yamma. Ta tambaye ni ko ta kawo mini lambarta. Na ce a'a, na gode, dama wucewa nake yi.

Ban sayi tayar ƙanƙara ba. Motar tana gareji a rufe tun farkon sanyi, ni kuma ina tsayawa a tashar bas da jakar cefane tare da 'yan makaranta, wasunsu jikokin waɗanda na koyar. Dale ya ce bai taɓa ganin wanda ya sayi mota don ya riƙa hawa bas ba.

Abin da na shirya faɗa ba shi da tsawo, duk gyare-gyaren da na yi masa. Eino, babu tsatsa ko ɗigo a motarka. Matarka ta wanke ta da kyau.