Ranar da Na Aske wa Umma Gira

Ni mai kwalliya ce, kuma ba yabon kai ba, in lokacin bukukuwan ƙarshen shekara ya zo, shagona ba masaka tsinke. Fuskar da ban taɓa kai wa hannu ba ɗaya ce tak, ta Ummana.

Umma ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya, goma sha biyu a ciki ita ce shugabar nas-nas a asibitinsu. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Gira kawai take haɗewa, sai ka ga babban mutum yana neman hanyar fita. Babanmu da kansa in ya ga girar nan ta haɗu, sai ya tuna yana da aiki a waje. A asibiti kuwa, a bayan idonta, Hadari suke ce mata.

Ranar liyafar ma'aikata, wadda a cikinta za a yi mata ban kwana don ta yi ritaya, sai ga ta a shagona da hantsi. Ta zauna a kujera ta rungume jaka.

"Auta, ki ɗan gyara min fuska."

Na ce, "Ni? Umma, lafiya?"

Ta ce, "Jiya na ji ma'aikatanmu a ɗakin canza kaya suna tura wa juna wanda zai zauna kusa da ni. Kowa na cewa shi ba zai iya ba. Ba su san ina bayan labule ba." Ta gyara riƙon jakar. "Ba na so in zauna ni kaɗai a teburin nan mutane suna kallona."

Wallahi sai da tausayinta ya kama ni. Tunda nake ban taɓa jin Umma ta ce tana tsoron wani abu ba. Na ɗauko reza, na ce a raina yau sai na nuna wa asibitin nan ko 'yar waye ni.

Da gira na fara, don ta hagu ta ɗan fi ta dama kauri. Na rage ta kaɗan. Na ja baya na duba, sai na ga yanzu ta dama ce ta fi. Na rage ta dama. Ta hagu ta sake yin gaba. Ga Umma ta kafe ni da ido ta cikin madubi, ni kuma duk wanda ya girma a gidanmu ya san ba a aikin kirki a ƙarƙashin wannan kallon. Sai na juya kujerar ta ba madubi baya, na ce haske ne bai yi min ba. Ina nan ina daidaitawa, ina daidaitawa, na ɗago reza na ga babu sauran abin daidaitawa. Goshin Umma tas, har sheƙi yake.

"Me ya faru kika yi tsit?" in ji ta.

"Ba komai, Umma, salon bana ne."

Na wawuri jagira zan zana wata. To, a nan na yi kuskuren da ko ɗalibar da ta yi sati a shago ba za ta yi ba. Ƙa'ida ita ce sai mutum ya saki fuska ake zana masa gira. Umma kuwa ta riga ta ji a jikinta akwai matsala, ta tamke goshi tamau, ni kuma ba ni da bakin cewa ta saki. Haka na zana a kan tamkakken goshi, ta fito daidai, gwanin kyau. Na shafa hoda, na sa mata janbaki mai sanyin launi, na juyo da ita. Ta harari madubin, ta ga komai a wurinsa, ta ce, "Ba laifi."

Sai a mota, ina tuƙa ta, ta saki ajiyar zuciya, goshin ya sake. Na waiga, na kusa hawa kan shingen titi. Girar nan ta haura sama, ta yi baka biyu a tsakiyar goshi, kamar wadda aka yi wa albishir da tagwaye. Na shiga uku! Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Muna shiga zauren taro na asibitin, mai gadi ya miƙe zai gaishe ta kamar kullum, kansa a ƙasa. Ya saci kallo sau ɗaya, sai ya washe baki.

"Ranki ya daɗe, kin yi murnar ganina haka?"

Umma ta haɗe rai iya ƙarfinta. Girar ta sauko daidai inda ta kowa take, fuskar ta zama ta mace mai haƙuri da sauraro. Mai gadi ya ɗauka izini ne, ya bi mu har tebur yana ba ta labarin ciwon gwiwarsa.

Daga nan abin ya ɓalle. In ta saki fuska, su ga tana mamakin ganinsu da farin ciki. In ta harare su, su ga tana saurare da natsuwa. Wata nas siririya ta zo da niyyar ta ajiye mata lemo ta gudu, ta dubi fuskar, sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce ranar da ta fara aiki ta kasa samun jijiyar wani jariri har sau uku, Umma ta zo ta tsaya a bayanta, ta riƙe mata hannu har allurar ta shiga, ta wuce ba ta ce komai ba.

"Shekara tara ina so in yi miki godiya, Mama, in na tunkaro ki sai ƙafata ta ƙi."

Wani likita mai tumbi ya ce ita ta hana a kore shi yana sabon zuwa. Mai shara ta ce Umma ta kwana uku a kan ɗanta. Kujeru suka ƙare, aka riƙa janyowa daga wasu tebura. Har wata ta yi ƙarfin halin gaya mata sunan da suke kiranta da shi, teburin ya kwashe da dariya, Umma ta watsa mata harara, yarinyar ta rungume ta.

Ni dai ina gefe ina addu'a kada a kashe fanka, gumi ya tona min asiri.

Da la'asar muka fito da kyaututtuka niƙi-niƙi. Ta shiga mota, ta sauke madubin gaba don ta share ido, ta ga kanta da sakakkiyar fuska. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa inda gashi ya kamata ya kasance. Na fara karanto duk abin da ya zo bakina.

"Auta."

"Na'am, Umma. Wallahi za ta fito, sati shida ne kawai, kuma akwai wani mai da..."

"Ashe duk suna da magana a bakinsu haka?" in ji ta. "Ni na zaci ba sa ƙaunata ne."

Ta rufe madubin, ta ja hanci, ta juyo ta dube ni da girar nan tata mai murna.

"Ke ma da laifinki. Me ya hana ki aske min ita tun ina da sauran shekaru a wurin?"