'Yan Tsaki Dubu Uku a Bakin Iyaka

Uwar Kaji ta kara kunne a jikin motar, ta ɗaga wa ƙaninta hannu alamar ya yi mata shiru. 'Yan tsakin suna kuka, amma ba irin kukan da suka yi da safe ba. Da safe sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Yanzu kuwa kukan ya yi laushi, kuma duk mai kiwo ya san abin da hakan ke nufi. Ɗan tsako mai ihu lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yi shiru ya buɗe baki shi ne abin tsoro.

"Auta, ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya saura, Yaya." Autan nan shekararsa arba'in da biyu, 'ya'yansa huɗu, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma a wajenta har gobe Auta ne, kuma shi ke ja mata mota duk ranar ɗauko kaya.

"Ba za su kai la'asar ba," ta ce.

Dubu uku ne, masu ƙwai, a kwali sittin. Shekaranjiya aka ƙyanƙyashe su a wani kamfani da ke maƙwabciyar ƙasa, inda ta yi shekara tara tana saro su. A gida 'yarta ta wanke ɗakunan kiwo, ta shimfiɗa dusar katako, ta jera mazuban ruwa. Ɗakunan nan su ne ci da shan gidan tun da maigidan ya ajiye aiki. Tafiyar awa biyu ce kacal tsakanin 'yan tsakin da inuwa, ga kuma ƙarfen shingen iyaka kwance a gabansu tun asuba.

Abin da ya kwantar da ƙarfen ba ɓoyayye ba ne. Bara aka yanke cewa ƙasar za ta fita daga ƙungiyar kasuwanci ta ƙasashen yankin, wadda a cikinta kaya ke wucewa da takarda ɗaya da hatimi ɗaya. Aka sa rana, ranar kuwa ta zo jiya. Su 'yan majalisa, Allah ya shirye su, sau uku suna kaɗa ƙuri'a kan sabuwar dokar shigo da kaya, sau uku ana tashi baram-baram. Waɗannan sun ce a fita gaba ɗaya, waɗancan sun ce a fita ana waiwaye, wasu ma sun ce a fasa. A gari mutane sun yi ta jidar sabulu da sukari da magani kamar gobe za a rufe duniya, har wata maƙwabciyar Uwar Kaji ta cika ƙarƙashin gadonta da ashana. Ita kuwa an tabbatar mata za a ƙara wa'adi, kamar yadda aka ƙara sau biyu a baya. Ba a ƙara ba.

Ta gyara mayafi ta nufi ofishin kwastan a karo na uku. Ta wuce motar tumatir da ruwa ya fara ɗiga ta ƙasanta, ta wuce ta kifi mai zubar da narkakkiyar ƙanƙara, ta wuce ta siminti. Direbobi suna kwance a ƙarƙashin motoci, kowa da waya a hannu yana karanta wa ɗan'uwansa jita-jita.

Ofishin ɗaki ɗaya ne mai faɗi, da fanka biyu a sama, da tebura biyu. A kan babban tebur shugaban wurin yake, wanda direbobi suka laƙaba wa Sai-Umarni, domin ko gaisuwa ka yi masa sai ya ɗan yi jim kamar yana jiran izinin amsawa. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar a ga sa hannunsa a inda bai kamata ba. A ƙaramin tebur kuma akawu ce, wata dattijuwa mai tabarau, wadda ta riga kowa zuwa wurin aikin da shekaru.

"Yallaɓai, barka da aiki. Ni ce dai."

"Hajiya, abin da na faɗa miki ɗazu shi ne har yanzu. Tsohon hatimi na ƙungiya ne, jiya hedkwata ta aiko aka karɓe. Sabo bai zo ba, dokar da za ta haife shi ma ba a haife ta ba. Da me zan buga miki?"

"To bar ni in koma da su."

"Can sun riga sun buga miki fita. Abu mai rai in ya fito ba sa yarda ya koma, suna tsoron cuta."

"Yallaɓai, rai dubu uku ne fa."

"Na sani, wallahi na sani. Sai an ba da umarni."

Gaba kura, baya sayaki. Ta fito ranta a ɓace. Ta sa Auta ya sauko da kwali ɗaya daga tsakiya, inda iska ba ta kaiwa. Ta buɗe. Biyu sun kwanta a kusurwa sun miƙe ƙafa, sauran sun saki fukafukai suna haki. Ta ɗauki matattun a tafin hannunta, ba su fi nauyin audugar kunne ba, sai ta ji hawaye yana neman kunyata ta a gaban direbobi.

"Yaya," Auta ya rage murya, "wancan mai kifin ya ce akwai hanya ta bayan gonaki. Masu fasa-ƙwauri suke bi."

"Ramukan hanyar su ƙarasa mini abin da zafi ya bari? Kuma in aka tare mu, a kama kayan, a…"

Ta tsaya. Auta ya dube ta, ya ga idonta ya sauya, irin sauyin da tun suna yara in ya gan shi ya san yau akwai wanda zai sha mamaki.

Shekara shida da suka wuce an taɓa kama mata buhunan abincin kaji a wannan iyakar saboda kuskuren takarda. Ba ta manta yadda aka yi ba. Aka ƙirga, aka rubuta, shugaban wurin na lokacin ya sa hannu cewa kaya sun shiga hannun hukuma. Da ɓeraye suka cinye buhu huɗu a sito, ba ita aka tuhuma ba, shi aka kira hedkwata ya yi bayani.

"Ɗauko kwalayen," ta ce. "Biyu-biyu, kada ka jijjiga. Biyo ni."

Sai-Umarni yana kurɓar ruwa ya ga an dire kwali biyu a ƙarƙashin fanka. Kafin ya haɗiye an dire wasu biyu.

"Hajiya, mene ne haka?"

"Yallaɓai, tambaya zan yi, ka san ni ban yi karatu mai zurfi ba. Takardata ta kayan nan tana aiki?"

"Ba ta aiki. Tun jiya ta mutu."

"Kayan da suka shigo ƙasa ba takarda mai aiki, me doka ta ce a yi da su?"

"Kamawa ake yi."

"Ita wannan dokar tana jiran majalisa?"

"A'a, wannan tsohuwa ce, tamu ce ta gida."

"Alhamdulillahi. To ga su nan, ka kama. Na kawo kaina, ban wahalar da kowa ba."

Akawu ta sauke tabaranta zuwa kan hanci. Auta kuwa ya samu mataimaka, domin mai tumatir da mai kifi sun ji ƙamshin abin kallo, sun taso suna jido. Kwalaye suka hau juna a jikin bango, suka zagaye tebur, suka tare hanyar banɗaki. Uwar Kaji ta bi su tana buɗe murafe, ta kaɗa gulukos a ruwa, ta zuba a murafan robobi. Ba a yi minti goma ba iskar fanka ta ratsa su. Ɗan tsako ɗaya ya fara kuka, goma suka amsa, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Wayar tebur ta yi ta ƙara babu wanda ya ji.

"A kai su sito," Sai-Umarni ya ce da ƙarfi, don a ji shi.

"Siton kwano, da rana tsaka? Bismillah, kayanka ne. Amma ka fara sa hannu ka karɓi dubu uku ba biyu, masu rai. In sun kwana a can, gobe sai ka rubuta wa hedkwata yadda aka yi. Ka tanadi likitan dabbobi, da fitilu sha biyu, da buhun abinci uku na makon farko. Ruwa kuma duk bayan awa biyu, har cikin dare. Zan rubuta maka yadda ake yi, ba wuya."

Wani ɗan tsako ya tsallake bakin kwali, ya taka kan tebur, ya tsaya a kan fayil ya yi abin da 'yan tsaki suke yi. Mai tumatir ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Sai-Umarni ya cire hula ya share gumi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma shi bawan Allahn nan bai ja komai ba, 'yan majalisa suka ja masa. In ya ƙi kamawa ya bar kaya marasa takarda a ofishinsa. In ya kama suka mutu, ritayarsa ce za ta mutu tare da su.

"Baba akawu," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ke kin daɗe a nan. An taɓa irin wannan?"

Dattijuwar ba ta yi gaggawa ba. Ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani littafi da bangonsa ya rabu da jikinsa, ta lashi yatsa ta yi ta buɗawa.

"An taɓa, da shanu, tun ba a kawo ka nan ba. Ga shi. Kayan da aka kama, in mai rai ne ko mai saurin lalacewa, kuma hukuma ba ta da wurin ajiye shi, shugaban wuri yana iya damƙa shi amana ga wanda yake da wurin da ya dace, har ranar da za a yanke hukunci."

"Wane hatimi ake bugawa?"

"Namu na ofis. Babu ruwansa da ƙungiya." Ta ɗago ta dubi Uwar Kaji ta saman tabarau. "Hajiya, ko kin san wani mai wurin da ya dace?"

"Zan duba," in ji Uwar Kaji.

Sai-Umarni ya karɓi littafin ya karanta da kansa, sau biyu, yana bin layin da yatsa. Ya duba bango, ya duba kwanan wata. Sannan ya miƙe tsaye, ya mayar da hularsa, ya gyara ta sosai, kamar mai shirin karɓar baƙo daga hedkwata.

"Hajiya, da sunan hukuma na kama kayan nan."

"Na gode, Yallaɓai. Allah ya ƙara girma."

Aka cike fom. Ya sa hannu. Da hatimin ya sauka a kan takarda, Uwar Kaji ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har tafin ƙafa, daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta kama hannun akawu ta riƙe da hannu biyu. Aka mayar da kwalaye mota, wannan karon da tazara a tsakaninsu don iska.

Mai tumatir bai koma motarsa ba. Ya tsaya a bakin tebur yana murza hula.

"Yallaɓai, na ji kamar Baba ta ce da mai saurin lalacewa."

"Haka ta ce."

"To ni ma takardata ta mutu tun jiya. Don Allah a kama ni."

"Ni na riga shi zuwa," in ji mai kifi. "Tun asuba nake nan ba takarda."

Kafin Auta ya tayar da mota labari ya bi layi har ƙarshensa. Manyan mutane masu iyali suka fito daga ƙarƙashin motoci suna kakkaɓe riga, kowa ya ɗaga matacciyar takardarsa sama yana roƙon a fara kama shi. Mai siminti kaɗai ya zauna a kan taya ya yi tagumi, don ya rasa ta inda siminti zai lalace da sauri. Ta taga Uwar Kaji ta ji Sai-Umarni yana tambayar akawu fom nawa suka rage, ta ce littafi biyu, ya ce a je sito a kwaso sauran. Bai ce a jira kowa ba.

Ƙarfen shinge ya ɗaga. Suka wuce, 'yan tsaki a bayan motar suna ta kuka kamar kasuwa ta ci. Auta ya yi ta dariya shi kaɗai har suka hau babban titi, sannan ya ɗan nutsu.

"Yaya, amana fa aka ce, har ranar da za a yanke hukunci. In majalisa ta kai wata biyar ba ta daidaita ba fa?"

Uwar Kaji ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a jaka, ta ja zif.

"Sai mu kai wa Yallaɓai rahoto cewa kayansa sun fara ƙwai," ta ce. "Taka mota, amma ka bi ramukan nan a hankali."